Abin da Ke Bakin Tayyiba

Inna Luba ta tsani littattafan fatalwa kamar yadda ta tsani ƙuda a miya. Ba ita ke karanta su ba, don ko sunanta ba ta iya haɗawa da boko. Mardiyya ce, matar ɗanta Sabo, ke kunna su a waya in tana girki, wata murya mai shaƙewa tana karantowa: wai an kashe wata, ta dawo da farar riga da gashi har gadon baya, tana tafiya ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, tana kiran sunan wanda ya kashe ta. Inna Luba takan ja tsaki har sai kajin gidan sun ɗaga kai.

"Wanda ya rubuta wannan bai taɓa ganin gawa ba," in ji ta. "Gashi har gadon baya! Kalaba uku ake yi mata a tura baya. Kashe mana shirmen nan, don Allah."

Tana da bakin faɗa kuwa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana wankan gawar mata a Suleja, daga cikin gari har Chaza. Wajen gwaggonta ta koya, kuma doka biyu gwaggon ta kafa mata tun ranar farko. Ta ɗaya, duk abin da mai wanka ta gani a jikin mamaciya, ba ta faɗa wa kowa, ko mijinta, ko limami. Ta biyu, duk abin da ya fito daga jikin gawa, gashi ne, haƙori ne, farce ne, a mayar mata da abinta a binne su tare.

Inna Luba ta riƙe dokokin nan gam. Ta ga abubuwa a kan katakon wanka da in ta buɗe baki, gidaje da yawa sai an sake musu suna. Ta ga ƙuna inda wuta ba ta kaiwa da kanta. Ta wanke matar wani ɗan kwangila, aka ce hawan jini ne, alhali haƙarƙarinta uku a karye suke, suna motsi a ƙarƙashin soso. Ta wanke, ta shafa kafur, ta naɗe, ta fito tana cewa Allah ya jiƙanta. Saboda wannan shirun ne manyan gidaje ke turo mota a ɗauke ta, matan unguwa ke durƙusa mata har ƙasa. Ba ta da gona, ba ta da rumfa a kasuwa. Abin da ta mallaka a duniya shi ne an san bakinta a rufe yake.

Sai ga Tayyiba.

Tayyiba 'yar Gusau ce, ba ta wuce shekara ashirin da shida ba. Tana aiki a wani kantin magani a Abuja, tana haya a Chaza, a irin gidajen nan masu ɗakuna a jere da ake gina wa ma'aikata. Gidan da tun asuba kowa ya garƙame ɗakinsa ya bi motar Abuja, ba a dawowa sai magariba, da rana ko akuya ta haihu a tsakar gidan babu mai sani. Ran wata Juma'a zazzaɓi ya hana ta fita aiki. Da yamma maƙwabciyarta Adaobi ta dawo ta tarar da ƙofa a saye, Tayyiba a ƙasa ta sandare, da busasshen jini a gefen baki.

Aka ce zazzaɓin ne ya hau mata kai, ta yi jijjiga ta ciji harshe. Wa ya faɗa? Malam Bamalli, dillalin gidan, wanda mai gida ya damƙa wa komai, tun daga kawo 'yan haya har ajiye makullan safaya. Shi ya kira uwar yarinyar a waya ya ce hanya da nisa, kada a wahalar da gawa. Shi ya yanko likkafani. Shi ya zo da kansa a Keke Napep washegari da hantsi ya ɗauki Inna Luba, hannunsa na dama a naɗe da bandeji.

"Malam Bamalli, me ya sami hannun?"

"Wallahi Inna, ƙofar mota ce ta datse ni jiya, garin zirga-zirgar baiwar Allahn nan. Ba komai, lada muke nema."

A ɗakin, ita da wata mata mai zuba mata ruwa ne kawai. Haƙoran yarinyar sun ɗame, sai da Inna Luba ta yi ta gasa muƙamuƙin da ruwan ɗumi kafin ya saki. Ta naɗa tsumma a yatsa don ta goge mata haƙora a yi alwala, sai ta ji wani abu a maƙale can tsakanin kumatu da turamen haƙori. Ta zaro shi. Kan yatsa ne, gaɓar ƙarshe, da farcensa, farce mai kauri ruwan goro, da baƙin datti a ƙarƙashinsa. Naman ya yi fari ya kumbura kamar rogon da ya kwana a ruwa.

Ta ɗaga hannuwan Tayyiba ta ƙirga, goma cif. Ta duba harshen, lafiyarsa lau. Ta duba gefen hanci da kumatu, ga shatin yatsu nan na wanda ya danne da ƙarfi. Mai zuba ruwa ta juya baya tana cika buta. Daga waje muryar Bamalli ta shigo ta taga.

"Inna, a ɗan hanzarta, rana na yi, jama'a na jira."

To, a nan ne dattijuwa mai shekara talatin da ɗaya a kan aiki ta yi abin da ko sabuwar shiga ba za ta yi ba. Ta ce wa ranta, abin da ya fito daga gawa, gawa yake bi. Ta sani sarai ba na gawar ba ne, ba yanzu ta gama ƙirga yatsun ba? Amma dokar ta ba ta wurin ɓuya, ta kuwa shige. Ta mayar da abin cikin bakin yarinyar, ta tura shi can inda ta same shi, ta haɗe leɓɓan, ta yago ƙyalle ta ɗaure haɓar tamau. Aka fito da makara, Bamalli na gaba ya ɗauka da kafaɗar hagu, yana sharar hawaye da bandejin.

Kwana uku bayan haka, da azahar, Mardiyya ta kawo mata tuwon shinkafa da miyar taushe, da tsokar nama biyu a kai. Inna Luba ta kai loma, ta tauna, sai haƙorinta ya dira a kan wani abu mai santsi da tauri, gefensa yana kartar dasashi. Farce. Ta tofar a tafin hannu, babu komai sai tuwo. Ta ɗaga kai.

Tayyiba na zaune a kan turmin da aka kife jikin katanga. Rana tsaka, kaji na kiwo a gefen ƙafarta, rediyon maƙwabta na ta surutu. Babu farar riga, babu gashi har gadon baya. Likkafaninta ne a jikinta, naɗin Inna Luba, haɓarta a ɗaure, kumatunta na dama ya ɗan tasa. Ba ta yi kuka ba, ba ta kira sunan kowa ba, da wane bakin za ta kira? Maƙogwaronta ne kawai ke sama da ƙasa, irin na wanda amai ya taso masa yana dannewa. Warin kafur ya cika tsakar gidan, a bayansa kuma akwai wani warin da kafur bai iya rufewa ba.

Inna Luba ta ture kwanon ta ruga bayan ɗaki.

Daga ranar abinci ya zame mata azaba. Ta bar nama, ta same shi a wake. Ta bar wake, ta same shi a tuwo. Ta koma koko, wanda Mardiyya ke tacewa sau biyu da rariya, a kurɓar ƙarshe sai ta ji abin ya taɓa mata harshe, mai laushi, mai ɗan gishiri. Kuma duk lokacin da aka ajiye mata kwano, Tayyiba na kan turmi tana kallo. Babu mai ganinta sai ita.

Ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu. Mardiyya ta yi fushi, ta yi kuka, ta ce in girkinta ne ba a so a fito a faɗa mata. Sabo ya kai Inna Luba asibiti aka ce gyambon ciki ne. Ta je wajen wani malami ta yi masa kwana-kwana, ta ce wata mamaciya take gani, ba ta faɗi ko wace ce ba. Malam ya ce matattu ba sa dawowa, shaiɗan ne, ya ba ta rubutu. Ta kai bakinta ta same shi a cikin rubutun.

Shi kuwa Bamalli sai ƙiba yake. Hidimar da ya yi wa baƙuwa ta sa aka saka shi a kwamitin maƙabarta. Wata ranar kasuwa Inna Luba ta hango shi a bakin tukubar mai tsire, an cire bandejin, manuniyarsa ta dama ta zama guntuwa, kanta ya warke sumul yana sheƙi kamar kan tsiran alade. Yana dangwalar yaji da ita yana lashewa. Da ya gan ta ya ɗaga hannun.

"Inna, bismillah mana! A yanka miki na hanta?"

Ta durƙusa a bakin kwata ta yi ta kakari, babu abin da ke fita sai ruwa mai ɗaci.

Kada a ce ba ta san abin da ake nema a wurinta ba. Ta sani. Amma in ta faɗi na Tayyiba, kowane gida da ta taɓa shiga zai tuna abin da ta gani a cikinsa, daga ranar kuwa ta tashi daga Inna Luba ta koma tsohuwar banza mai tona asirin matattu. Wata rana da Mardiyya ta fita unguwa, har ta yi wa turmin magana.

"Yarinya, ki yi haƙuri. Amana aka ba ni. Ni ba alƙali ba ce, wanka nake yi. Ki bar shi da Allah."

Tayyiba ta dube ta, maƙogwaron ya hau ya sauka.

Wata takwas ana haka, sai ga sallama da hantsi. Wata dattijuwa ce fara, siririya, da budurwa a bayanta mai kama da Tayyiba kamar an tsaga kara. Dattijuwar ta ce sunanta Ummulkhairi, ita ce mahaifiyar marigayiya, wannan kuma ƙanwarta ce Muhsina. Tun rasuwar take son zuwa ta ga wadda ta yi wa 'yarta sutura, ciwon ƙafa ya hana. Ta ajiye ƙullin daddawa da kwalbar man shanu. Mardiyya ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura.

"Hajiya, ba ni da bakin gode miki," in ji Ummulkhairi. "Ke da bawan Allahn nan Malam Bamalli. Mutanen Suleja kun yi mana halacci. Kin ga ma yanzu, Muhsina an turo ta bautar ƙasa Abuja, muna ta tunanin masauki, da na kira shi sai ya ce ɗakin 'yar'uwarta na nan, ta zo ta shiga."

Inna Luba ta ajiye ludayin da ta ɗauka don kara.

"Wane ɗakin?"

"Na Chaza mana. Jiya muka kai kaya."

Muhsina ta yi murmushi ta ce, "Mutumin yana da kirki, Inna. Ya ce ko na yar da makullina kada in damu, akwai safaya a wurinsa. Ya ce in ba ni da lafiya na kasa fita aiki in yi masa fulashin kawai, zai leƙo."

A wata takwas ɗin nan Tayyiba ba ta taɓa barin kan turmi ba. Yanzu ta miƙe. Ta tako a hankali, likkafanin na jan ƙasa, ta zo ta tsaya a bayan ƙanwarta. Ta ɗaga hannu ta kama ƙullin da ke haɓarta tana ja, ƙullin bai motsa ba. Inna Luba ta san ba zai motsa ba, ita ta ƙulla shi, kuma ba a taɓa kwance ƙullinta ba.

"Mardiyya, shiga ɗaki," ta ce. Sai kuma ta sake shawara. "A'a, zauna. Ki ji, ke mai son labarin fatalwa."

Ta faɗa musu. Ba ta rage komai ba: haƙoran da suka ɗame, farcen, dattin da ke ƙarƙashinsa, shatin yatsu a fuska, bandejin, da yadda ta mayar ta ɗaure. Tana magana tana jin abin yana juyi a kan harshenta, ba ta tsaya tofarwa ba.

Muhsina ta toshe baki ta ruga bakin rariya. Ummulkhairi ba ta yi kuka ba. Ta janye ƙafarta daga kan tabarmar, ta dubi Inna Luba tun daga sama har ƙasa, irin kallon da ake wa abin da aka taka a hanya.

"Ke kika mayar mata?"

"Ni ce."

"Da hannunki. Yarinyata ta yi iya ƙarfinta, ta riƙe miki shaida a bakinta har ta kawo miki, ke kuma kika cusa mata kika ɗaure. Wata takwas tana kwance da yatsan ƙato a baki." Ta miƙe tana gyara mayafi. "An ce ku rufa wa gawa asiri. To ita wane asiri gare ta? Me ta yi? Asirin wa kika rufa, baiwar Allah?"

Ummulkhairi ta sunkuya ta ɗauke daddawarta da man shanunta, ta ja hannun 'yarta suka fita.

Ba Chaza suka koma ba. Ummulkhairi na da ɗan wa lauya a Abuja, Fakhruddeen, shi ya shigar da ƙara. Inna Luba ta maimaita maganarta a gaban 'yan sanda, ta maimaita a gaban alƙali, aka ba da izinin buɗe kabarin. Nan fa gari ya ɗauka. Kada ka zaci kisan ne ya tayar wa mutane da hankali. A'a, tonon ne. A gidan suna, a layin famfo, a cikin motar Abuja, zancen ɗaya ne: tsohuwa ta ruɗe, za ta sa a tone baiwar Allah, wannan wace irin ƙazanta ce. Waɗanda suka fi kowa ɗaga murya kuwa, Inna Luba ta san gidajensu, ta kuma san dalili.

Ranar da aka buɗe, da safe ne, an kewaye wurin da tabarmi. Likita ya sa safar hannu zai yanke ƙyallen da almakashi, Inna Luba ta ce a bar ta. Ta shiga ramin, warin ya doke ta har idonta ya kawo ruwa, ba ta kau da kai ba. Ƙyallen ya yi baƙi ya dafe, amma ƙullin na nan yadda ta yi shi. Ta sa farce ta kwance. Muƙamuƙin ya saki, wani ɗan ƙashi kamar ƙwayar gyaɗa ya gangaro cikin tafin hannunta, farcen na manne da shi.

"Ga shi, na cire miki," ta ce a hankali. "Ki yafe ni."

Aka kai awo, awo ya nuna na Bamalli ne. Ranar da aka zo tafiya da shi ya cusa hannun dama a aljihu, kamar akwai sauran wanda bai sani ba. Mutanen da suka taru suna kallo suka ce kai, duniya, mutum mai hidima haka. Sannan suka ƙara da cewa amma dai tonon bai dace ba.

Daga ranar babu motar da ta sake tsayawa a ƙofar gidan Inna Luba. Matan da ke durƙusa mata suka koma gaishe ta a tsaye, wasu ma sai su shige wani lungu. Da aka yi rasuwa a gidan da ke jikin nasu, katanga ɗaya, tana zaune tana jin koke-koke, aka wuce ta gaban ƙofarta aka tafi har Zuma aka ɗauko wata mai wankan. Abin ya yi mata ciwo, ba ƙarya. Ta shiga ɗaki ta dubi kwandonta na soso da ganyen magarya da kafur, ta tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa.

Da azahar Mardiyya ta kawo tuwo da miyar kuka, ta ajiye tana ɗari-ɗari. Wayarta shiru, tun ranar baƙin nan ba ta sake kunna littafin ba. Inna Luba ta dubi turmi, babu kowa. Ta gutsuri loma, ta tauna a hankali tana jira. Tuwo ne. Ta kai ta biyu, ta ɗauki tsokar nama ta tauna har ƙarshe ta haɗiye. Hawaye ya zubo mata cikin miyar, ba ta fasa ci ba.

Tana cikin suɗe kwanon ne warin kafur ya dawo.

Ta ɗaga kai. Wata ce a kan turmin, ba Tayyiba ba. Babbar mace ce mai jiki, cikin likkafanin da ya tsufa ya yi ruwan ƙasa, ta karkace gefe guda, ta dafe haƙarƙarinta na hagu da hannu biyu. Shekara tara ke nan, amma Inna Luba ba ta manta naɗin hannunta. Matar ɗan kwangila ce. A bayanta kuma, daga bakin zaure, akwai wasu a tsaye suna jira, ba ta tsaya ƙirga su ba.

Ta dube su, ta dubi ƙofar ɗakinta, ga kwandon yana leƙowa daga ƙarƙashin gado. Mutanen gari sun karɓe aikinsu, sai dai sun manta cewa shi ne ƙyallen da ya ɗaure mata haɓa shekara talatin da ɗaya.

"Na gane ki," ta ce wa ta kan turmin. "Bari in wanke hannu."

Ta juya wajen madafa ta ɗaga murya.

"Mardiyya, miƙo min mayafina. Lambar lauyan nan tana wayarki?"